Yadda ake zuwa taron masu mota mai ɗaki a Ingila, da keke da takalmin tafiya

Wanda ya sayi mota mai ɗaki, wato wadda ake kwana da girki a cikinta, a Ingila ba ya daɗewa gayyata za ta iso masa: ƙungiyar masu irin motarsa za ta yi taro a wani fili, daga Juma'a zuwa Litinin, kowa ya zo da kekensa da takalmin tafiya. Shawarar da nake ba wanda zai je karon farko guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Ka yi shiri yadda in ka faka motar a filin nan, ba za ka sake tayar da ita ba sai ranar komawa gida. Ruwa da wuta da gas da abinci su ishe ka, duk inda za ka kuma ƙafa ko keke su kai ka.

Mota mai tsawon mita bakwai ba abar yawo ba ce a hanyoyin ƙauyen Ingila, inda katangar dutse ta matse hanya hagu da dama. Wuraren ajiye motoci da yawa an gitta musu ƙarfe a sama a bakin shiga, doguwar mota ba ta wucewa. Kuma duk tashi ɗaya sai ka tattara kofuna, ka naɗe rumfa, ka sauko daga kan abin da ka ɗora tayoyi, ka dawo da yamma ka sake komai daga farko.

Fara da karanta takardar taron da kyau, don yawancin tarukan nan ba a sansanin da aka gina ake yinsu ba. Filin manomi ne, ko filin wasan wata makaranta. Dokar 1960 da ta tsara wuraren saukar irin waɗannan motoci ta ba ƙungiyoyin da ke da takardar sahalewa damar haɗuwa a fili har kwana biyar ba tare da lasisin sansani ba. Manyan ƙungiyoyin biyu, Camping and Caravanning Club da ta faro a 1901 da Caravan and Motorhome Club da ta faro a 1907, suna shirya taruka, haka ma ƙananan ƙungiyoyin masu mota iri ɗaya. Abin da za ka tarar sau da yawa shi ne famfon ruwan sha guda, da wurin zubar da ƙazantar ban ɗaki, shi ke nan. In takardar ba ta ce akwai wutar lantarki ba, to babu.

Abin da ya fi cin mutane shi ne nauyi, kuma kekuna ne ke jawo shi. Lasisin tuƙi na ƙaramar mota yana ba ka damar tuƙa abin da nauyinsa da kaya bai wuce kilo 3,500 ba. Daga nan zuwa 7,500 sai mai lasisi na rukunin C1, wanda waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 suka samu kyauta, sauran kuwa sai sun yi wata jarrabawar. Shi ya sa ake ƙera motoci da yawa a tsayar da su daidai kan 3,500, kuma sararin da ya rage na kaya ba shi da yawa kamar yadda girman akwatunan ke nuna maka. Rumfar gefe tana da nauyi, faranti mai ɗaukar hasken rana yana da nauyi, fasinja ma kaya ne. Ruwa kuwa kowace lita kilo ɗaya ce, tankin lita 100 ya zama kilo 100 ke nan.

Duba ƙaramin allon ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofa. Akwai jimillar nauyi, akwai kuma iyakar abin da tayoyin gaba za su ɗauka da na tayoyin baya, kowanne daban. Na bayan ne abin tsoro. Maratayin kekuna yana can ƙarshen mota, nesa da tayoyin baya, don haka keken lantarki guda biyu, kowanne wajen kilo 25, suna danna baya fiye da ainihin nauyinsu, suna kuma ɗaga gaba. Gaban kuwa shi ne mai sitiyari, kuma a yawancin motocin nan, musamman waɗanda aka gina a kan Fiat Ducato, shi ne mai jan motar. Ni nakan cire baturan kekunan in sa su cikin akwatin da ke bayan kujerar direba, in taho da ruwa kwata na tanki, in cika a famfon filin kafin in faka. Ka loda motar kamar yadda za ka yi tafiyar, da kai da iyalinka a ciki, ka kai ta sikelin manyan motoci na jama'a a auna gaba daban, baya daban. Kuɗin awon bai taka kara ya karya ba, kuma lambar da za ka gani ba kasafai take yi wa mutum daɗi ba.

Batun gudu a taƙaice: in nauyin motar ba kaya bai wuce tan 3.05 ba, dokarka ɗaya da ƙaramar mota. In ya wuce, mil 50 a awa a kan titi mai hannu biyu a haɗe, 60 a kan wanda aka raba tsakiya, 70 a babban titin da ake kira motorway. Tayoyi kuma ka duba shekarunsu, ba zanensu kaɗai ba, don motar da ke yawan zama tayarta tsagewa take yi kafin ta cinye. Lambobi huɗun ƙarshe a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta.

Rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda ka manna inda idonka zai faɗa kai, da mita da kuma ƙafa da inci, saboda alamun tsoffin gadoji da ƙafa da inci suke magana. Taswirar waya ba ta san tsayinka ba. A yankin Peak District mai tsaunuka a tsakiyar Ingila, alal misali, tana iya tura ka ta Winnats Pass kusa da Castleton don ta ga nan ne yanke, alhali hawa ne mai tsananin gangara, matsattse, ga tumaki a kan kwalta. Idan saura 'yan mil ka isa, bar wayar ka bi kwatancen da masu taron suka rubuta. Su sun shiga filin da irin motarka.

Kada ka iso kafin lokacin da aka sa, za ka tsaya ne a bakin hanya kana tare wa mutanen ƙauye wucewa. Da ka shiga, mai kula da fili zai tare ka, ya duba sunanka, ya nuna maka turkenka. A cikin fili tafiyar ƙafa ita ce ma'aunin gudu. Ana barin mita shida tsakanin mota da mota saboda gobara, kada ka yi gardama ko da ka ga wuri ya fi kyau kusa da abokinka.

Nan ne wurin da nake ɓata lokaci, ban kuma taɓa ganin asararsa ba. Ka sauka ka taka wurin da ƙafarka tukuna. Danna dugaduginka a ciyawa: in ruwa ya taso kewaye da takalmin, gaya wa mai kula da filin tun kafin ka shiga. Tun ran gini ran zane, fitar Litinin tun Juma'a ake shirya ta. Juya gaban motar ya kalli mafita, in da hali ya kalli gangare, ka sa faifan roba masu ƙaya a ƙarƙashin tayoyin gaba don kada su nutse cikin kwana uku. Sai daidaitawa. Ɗora ma'aunin magina a kan teburin ciki, ka ga ina ɗigon ya karkata, ka sa matakan roba a gaban tayoyin da ke ƙasa, ka hau a hankali wani yana kallo daga waje. Uwargida ce ke tsaya mini, kuma mun yi yarjejeniya tun tuni: hannu take ɗagawa, ba a kiran suna, don fili duk kunnuwa ne. Daidaiton ba don daɗin barci kaɗai ba ne. Firjin da ke aiki da gas ba ya sanyi yadda ya kamata in motar ta karkace, ruwan wanka ma sai ya taru a kusurwar da babu magudana.

Tunda babu lantarki, firji da dumama ɗaki da girki duk gas za su ci. Zo da tukunya cikakkiya, in taron na farkon bazara ne ko kaka ka zaɓi gas ɗin furofen, mai jar tukunya, don gas ɗin butan daina tashi yake yi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Batirin ɗaki irin na dalma rabinsa kawai ake ci, in ka zuƙe shi ƙasa da haka kana rage masa kwana ne. Cajin keken lantarki daga wannan batirin yana tsotse shi da sauri, saboda haka ka taho da kekunan a cike, ka rage ƙarfin taimakon injin a inda hanya ta miƙe. Janareta, in an yarda da shi, yana da awoyinsa. Gwada na'urar da ke yin ƙara idan iskar guba ta taru kafin ka bar gida, kuma murhun gasa nama ba ya shiga mota ko rumfa, ko da ya yi kamar ya mutu.

Akwatin ban ɗaki ka taho da shi wayam. Idan ya cika, wurin da aka keɓe kawai, kuma ba a ɗauraye shi a famfon ruwan sha. Ruwan wanke-wanke ka tare shi a bokiti ka tambayi inda ake zubarwa.

Da yamma za ka ga mutane sun nufi wuri ɗaya, kowa da kujerarsa da kofinsa. Ɗauki naka ka bi su. A nan ake faɗin tafiye-tafiyen gobe, wa zai ja gaba, mil nawa, ƙarfe nawa za a tashi. Kada furfurar mutanen ta ruɗe ka. Dattijuwar da ta ce "ɗan zagaye ne kawai" tana iya nufin mil goma da hawa biyu, don haka ka tambayi nisan da tsayin hawan ƙarara.

In taron ya faɗo a Peak District, wurin da aka fara ayyanawa gandun shaƙatawa na ƙasa a Birtaniya a 1951, ka yi sa'ar hanyoyin keke, don tsoffin layukan dogo ne aka cire ƙarafunan aka mayar da su na ƙafa da keke da doki. Jirgin ƙasa ba ya son hawa, shi ya sa suke kusan shimfiɗe. Monsal Trail mil takwas da rabi ce, daga Bakewell zuwa Blackwell Mill, tana ratsa ramukan jirgi da aka sake buɗewa a 2011. Ramin Headstone ne ya fi burge ni: sanyi ya buge ka, ruwa na ɗiga daga sama, ka yi kusan rabin kilomita a ciki, sai kawai ka fito a kan doguwar gada, kogin Wye na can ƙasa. Ana kunna fitilu a ramukan da rana, amma ka sa taka fitilar a keke. Tissington Trail mil 13 ce daga Ashbourne zuwa Parsley Hay, tana hawa a hankali in ka nufi arewa, don haka ka fara daga Ashbourne, dawowa ta zama hutu. Ranar Asabar ka fita da sassafe, kafin azahar hanyar ta cika da yara da karnuka. Abin da ya kamata ka bincika tun daren jiya shi ne guntun titin da ke tsakanin filinku da bakin hanyar, don galibi a nan hawan yake, a nan kuma motoci suke. Tiyub na ko-ta-kwana, famfo, kwaɗo, hular kwano.

Akwai doka ɗaya da baƙi kan taka ba su sani ba. Hanya mai alamar kibiya ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce kawai. Mai shuɗiyar kibiya ita ce keke da doki ke bi, kuma mai keke shi ke kauce wa mai ƙafa da mai doki.

Ranar tafiyar ƙafa, riƙe taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, mai lamba OL24 ga kudancin yankin, OL1 ga arewaci, don waya kan rasa sabis a cikin kwaruruka. Farin dutsen kudancin yana da santsi ƙwarai in ya jiƙe, musamman matakan tsallake katanga da ƙafafu suka goge. Ƙyauren gona ka bar shi yadda ka same shi. Shanu masu 'yan maruƙa ka zagaye su daga nesa, kare a igiya, amma in suka taso muku ka sake shi, ya fi ka gudu. In wani ya ji ciwo a inda mota ba ta zuwa, kira 999, nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto a tsaunuka kake so. Rigar ruwa kuwa ko gari ya waye tas ka sa ta a jaka. Idan kun dawo a jiƙe, rataye komai a ɗakin wankan motar, buɗe tagar rufi kaɗan, kunna dumama, takalma kuma a bar su a gindin kujerun gaba a kan tsohuwar jarida.

Ranar tashi, zagaya motar sau ɗaya a ƙafa: tagogin rufi a rufe, eriya a ƙasa, gas a kashe, firji a mayar kan batirin mota, matakin ƙofa a ciki, igiyoyin kekuna a ɗaure tamau. In an kwana ana ruwa, zubar da sauran ruwan tanki inda aka yarda don ka rage nauyi. Sauko daga matakan roba, bar faifan a ƙarƙashin tayoyin gaba, sa giya ta biyu, saki kuloci a hankali ba tare da taka totur sosai ba, sitiyari a miƙe. Da motar ta motsa kada ka tsaya sai ka hau ƙasa mai tauri, faifan a koma a ɗauko su da ƙafa. In taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka nan take. Na ga wani maƙwabcinmu a fili ya ci gaba da ba ta wuta har ta haƙa rami ta zauna a kan cikinta, laka ta fantsama har rumfar na kusa da shi, aka jira taraktan manomi har bayan azahar. Ƙarfen da ake ɗaura igiyar ja a gaban mota yana cikin jakar kayan aiki, galibi ƙarƙashin kujerar gaba. Nemo shi tun a gida, ka gwada murɗa shi a raminsa, ka ajiye shi inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba.