Yadda ake haɗa ƙaramin injin dizal mai turbo don gudun filin gishiri na Bonneville

Duk watan Agusta, idan ruwan sama bai ɓata filin ba, masu neman kafa tarihin gudu suna taruwa a Bonneville, wani shimfiɗaɗɗen filin gishiri da ke jihar Utah a Amurka, kusa da garin Wendover. Tun 1949 ƙungiyar SCTA, wato ƙungiyar masu auna gudun motoci ta Kudancin Kalifoniya, take shirya makon gudu a wurin. Mota ɗaya ake saki, na'ura ta auna gudunta, sannan a saki ta bayanta. A filin nan ne direban Birtaniya Andy Green ya tuƙa motar JCB Dieselmax ta kamfanin JCB a watan Agustan 2006, ya yi mil 350 a awa, wato kilomita 563, da injinan dizal biyu masu ƙarfin doki 750 kowanne. Wancan aikin kamfani ne mai kuɗi da injiniyoyi. Nawa bayanin na mutumin da ke da gareji a bayan gida ne, da injin da bai wuce lita 2 ba. Na ɗauka ka iya kwance inji ka ɗaure, ka san saitin famfon mai, don haka ba zan tsaya a nan ba.

Mataki na farko: littafin dokoki kafin sufana

Sabon shiga yakan gama haɗa mota tsaf sannan ya zo yana tambayar rukunin da zai shiga. A nan ake fara asara. Sayi littafin dokokin SCTA na shekarar da za ka je, ka zaɓi rukuni, sannan ka gina mota a kansa. Ana raba injina da harafi bisa girman cikinsu, kuma rukunin G shi ne na ɗan sama da lita 1.5 zuwa lita 2. Injin Volkswagen 1.9 TDI, mai cc 1,896, ya zauna a ciki daram. Shi nake ba kowa shawara, musamman tsohon samfurin nan mai famfon Bosch VE, saboda kayansa a zube suke a kasuwar tsofaffin kaya, kuma idan ya buga ba za ka sayar da gida don ka sayi wani ba. Sayi biyu tun farko.

A ɓangaren bodi akwai rukunin akori-kurar dizal, akwai kuma na dogayen motocin nan masu siffar harsashi. Bar mai siffar harsashi tukuna. Ƙaramar akori-kura irin tsohuwar Rabbit ta Volkswagen tana karɓar TDI ba tare da wahala mai yawa ba. Duk abin da za ka yanke ko ka toshe a jikinta, tambayi masu duba motoci na ƙungiyar kafin ka kunna injin walda.

Mataki na biyu: lissafi biyu a takarda

Na farko na iska ne. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hawa ne da ninki uku na gudu, ma'ana idan kana son ninka gudunka biyu sai ka nemo ƙarfi sau takwas. A ce motarka mai doki 90 tana tsayawa a kilomita 180 a awa, kai kuma kana son 240. Raba 240 da 180, ka ninka abin da ya fito da kansa sau uku, za ka samu kusan 2.4. Doki 210 da 'yan kai ke nan, tun ba a sa santsin gishiri a lissafi ba. Shi ya sa sauke mota ƙasa, cire madubin gefe idan doka ta yarda, da sa siririyar taya suka fi arha a kan kowane doki da za ka matso daga inji. Nauyi kuwa kada ya dame ka. Hanyar doguwa ce, wasu ma dalma suke ƙarawa don taya ta kama gishiri.

Na biyu na giya ne, kuma masu fitowa daga motar fetur a nan suke tuntuɓe. Ƙarfin TDI yana kai ƙololuwa ne a wajen juyi 4,000 a minti, daga nan sai gangara. A ce giya ta biyar 0.756 ce, giyar da ke kai juyi ga tayoyi kuma 3.389, idan ka ninka su jimla 2.56, kewayen tayarka mita 1.9. A juyi 4,000 kilomita 178 za ka yi, ko da ƙarfin doki ɗari biyar gare ka. Ka canza ta biyar zuwa 0.658, ka kai wajen 204. Don ka taɓa 240 da wannan tayar kana buƙatar jimlar da ta kusa 1.9, wato sai wani giyabos ɗin daban, ko kuma ka sa doguwar taya. Yi wannan lissafin kafin ka sayi turbo, domin shi zai gaya maka a wane juyi injin zai zauna.

Mataki na uku: zafi

A nan zan daɗe, domin a nan na ga injina sun fi mutuwa. Yawancin masu zuwa da ƙaramin dizal sun koyi sana'ar ne a tseren mita 400 ko a kan titi, inda ake danne totur na daƙiƙa goma sha biyu a ɗaga ƙafa. Gajeriyar hanyar Bonneville mil uku ce, doguwar mil biyar. A gajeriyar ma, mota irin tamu za ta yi kusan minti ɗaya da rabi totur na ƙasa, a giya mafi nauyi, iska tana tokare ta. Injin da ya nuna doki 250 a kan na'urar gwaji na daƙiƙa shida bai gaya maka komai ba game da abin da zai faru a mil na biyu da rabi. Mil na farko lafiya, na biyu allura tana hawa, kafin alamar mil na uku sai farin hayaƙi ta salansa, an narkar da fistin.

Filin kansa yana ƙara wa wutar mai. Bonneville tana kan tudu, wajen mita 1,280 sama da teku, matsin iskarta kusan 0.87 ne a ma'aunin bar, a maimakon bar 1 na bakin teku. Idan kana son bar 3 cikakku a cikin inji, a bakin teku turbo zai matse iska sau 3 ne, a can kuwa sai ya matse ta kusan sau 3.5. Ƙarin juyi ke nan ga turbo, da ƙarin zafi ga iskar. Da rana tsaka a Agusta, iskar da ke fitowa daga turbo a wannan matsi tana iya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Ƙaramin turbon da injin ya zo da shi daga kamfani ba zai ɗauki wannan ba, cire shi ka ajiye. Zaɓi wanda taswirarsa, wato zanen da ke nuna iyakar aikinsa, ta nuna yana cikin natsuwa a matsi 3.5, ko da zai yi nawa wajen tashi. Nawar tashi ba matsala ba ce a nan, kana da doguwar hanya ta ɗaukar gudu. Turbo biyu a jere, babba yana ciyar da ƙarami, shi ne maganin gaske, kuma tsarin da JCB suka bi ke nan, amma ban yarda sabon shiga ya fara da shi ba. Bututu ya yi yawa, wurin yoyo ya yi yawa.

Abu na farko da za ka saya, kafin nozul, kafin komai, shi ne ma'aunin zafin hayaƙi. A huda masa wuri a gaban turbo, inda hayaƙi ke fitowa daga kan inji. Waɗanda suke sa shi a bayan turbo don gudun wahalar huda ƙarfe suna yaudarar kansu ne, domin hayaƙin ya riga ya zubar da zafi mai yawa kafin ya iso wurin, allura tana nuna lafiya alhali fistin yana dahuwa. Dokata ita ce digiri 750 a zaune. Ya taɓa 800 na ɗan lokaci, to. Ya wuce haka yana ci gaba da hawa, ɗaga ƙafa, gudun ya ƙare. Sa jar fitila babba a gaban direba wadda za ta kama da kanta, domin mutumin da ke kilomita 220 a kan gishiri ba ya karanta ƙananan lambobi. Idan aljihu ya yarda, sa ma'auni huɗu, kowace silinda da nata. Nozul ɗaya mai ɗiga ya isa ya kashe inji, kuma ma'auni ɗaya tak zai ɓoye shi a cikin sauran ukun.

Sai sanyaya iskar da turbo ya matse. Mai sanyaya iska irin na gaban mota yana buƙatar a buɗe hanci, buɗe hanci kuma yana cin gudu. Abin da ake yi a gishiri shi ne tankin ruwa da ƙanƙara a cikin mota, famfo yana zagaya ruwan ta cikin mai sanyaya iskar. Ga lissafinsa. Injin lita 1.9 a juyi 4,000 da bar 3 yana shaƙar kusan kilo 0.17 na iska a daƙiƙa. Sauko da ita daga digiri 220 zuwa 50 yana nufin kwashe zafi kusan kilowat 29. A daƙiƙa 90 ya zama wajen kilojul 2,600. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye kilojul 334 kafin ya narke, don haka kilo takwas ne mafi ƙaranci. Ni ninka shi nake yi, domin za ka daɗe a layi cikin rana kana jiran a sake ka, rabinta ta narke kafin ka motsa. Ƙanƙara ita ce abu mafi arha a duk harkar nan, amma ita mutane suke yi wa rowa. Sa raga a bakin famfon don kada gutsure ya toshe shi, kuma kada ka kunna famfon sai mai ba da izini ya matso kusa da kai.

Ruwan inji ma haka. Ko ka bar lagireto da ƙaramar kafa, ko ka sa babban tankin ruwa wanda zai shanye zafin gudu ɗaya. Baƙin mai yana buƙatar nasa mai sanyayawa da nasa ma'auni, domin shi ake fesa wa ƙasan fistin yana kwashe zafi, idan ya yi ruwa-ruwa kariyar ta tafi.

Mataki na huɗu: mai, a hankali

Yanzu ne za ka taɓa mai. Manyan nozul, da famfon mai na milimita 11 irin na samfurin otomatik a maimakon mai 10, sun isa matakin da muke magana. Baƙin hayaƙi yana burge 'yan kallo, amma man da bai ƙone a cikin silinda ba ne, yana ƙarasa ci a bakin turbo. A giya ta ƙarshe ina son in ga hayaƙi shara-shara kawai. Lokacin fesa mai kuma takobi ne mai kaifi biyu: ka jinkirta shi zafin hayaƙi ya hau, ka gaggauta shi matsin silinda ya hau ya ɗaga kan inji. Matsa shi kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a kowane gwaji, kana rubutawa. Rage mai a ƙasa da juyi 2,500. Ƙarfin murɗa a ƙaramin juyi shi ke lanƙwasa sandunan fistin na TDI, kuma ba ka da amfani da shi a gishiri.

A cikin injin, sa sandunan fistin masu ƙarfi, kusoshin kan inji na musamman, da kuloci mai riƙo. Goge hanyoyin iska na kan inji idan kana da lokaci. Sannan ka nemi na'urar gwaji wadda za ta iya danne injin a juyi 4,000 na minti biyu cur. Masu na'urar ba sa so, kuma za su caje ka, biya. Gara ya mutu a can da a Utah.

Sauran aiki

Kejin ƙarfe, kujera da bel, rigar wuta, kwalkwali, da tukunyar kashe gobara duk suna cikin littafi da awonsu, bi shi harafi da harafi. Abin da zan ƙara shi ne murfin toshe iska a gaban inji, da igiyarsa kusa da hannun direba. Idan turbo ya fashe ya tura baƙin mai cikin silinda, dizal zai ci gaba da gudu da man nan ko ka zare makulli, sai an shaƙe shi yake tsayawa. Taya ta zama wadda aka amince da ita a gudun rukuninka. Laimar tsayawa, wadda ake saki a bayan mota don rage gudu, tana zama dole idan an haura mil 175 a awa.

Idan ka samu dama, fara gwadawa a El Mirage da ke Kalifoniya, busasshen tafki mai hanyar mil 1.3, shi ma SCTA ke kula da shi. Kada ka biya kuɗin masauki wanda ba a mayarwa, domin an soke makon gudu a 2014 da 2015 da 2022 saboda ruwa da lalacewar filin. Sabon direba sai ya halarci bitar sababbi, kuma lasisi hawa-hawa ne: na tuƙin gari yana kai ka ƙasa da mil 125 a awa, daga nan ana ƙara maka mil 25 a kowane mataki har zuwa mil 200. Yi amfani da waɗannan gudun na lasisi ka karanta ma'aunanka. Nemi layin safe, iska ta fi sanyi da nauyi.

Idan ka wuce tarihin rukuninka, za a kai motar wurin tsaro ta kwana, a ba ka 'yan awoyi ka duba ta, washegari da sassafe ka sake gudu, a ɗauki matsakaicin biyun, sannan a auna cikin injin a tabbatar bai wuce rukuninsa ba. Ma'ana injin da ya yi gudu ɗaya ya tsage gaskit bai ci komai ba, don haka ajiye gaskit da nozul na canji da ƙanƙarar gobe a cikin motar rakiya. Shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin mota a wurin ajiya, doka ce. Ranar da ka bar filin kuma ka wanke ƙasan motar da na tirela da ruwa mai yawa, ka cire tayoyi ka wanke burki, ka fesa mai a kan duk wata mahaɗar waya.