Yadda za ka daidaita agogo da 'yan ƙwadago a Farming Simulator 22

Samarin unguwarmu a Tudun Wada da suka fara buga wannan wasan noma na kamfanin Giants Software, wanda ya fito a Nuwamban 2021, kusan duk kuka ɗaya suke kawo mini: wata ya ƙare, gona ba ta gama shukuwa ba. In na duba sai in tarar sun ƙure gudun agogo, wai don aiki ya yi sauri.

Agogon wasan daban, tarakta daban. Ko ka kai agogo ninki 120, ɗan ƙwadagon da ka ɗauka da maɓallin H, wato direban da wasan ke ba ka ya tuƙa maka inji, zai ci gaba da huɗa da gudun da ya saba. Rana ce kawai za ta riƙa faɗuwa da wuri, shi kuwa yana layi na uku.

Saboda haka lokacin huɗa, shuka ko girbi, sauke agogo zuwa ninki 5 ko ƙasa, har daidai da agogon hannunka in gonar babba ce. A kwamfuta maɓallan 7 da 8 ne ke rage shi da ƙara shi. Sai aiki ya kammala, ba abin da ya rage sai jiran amfani ya nuna, sannan ka sake wa agogon linzami. Dare kuma ka je gidan gona ka kwanta, gari ya waye.

Inda na fi so ka natsu shi ne yawan kwanakin wata. Wasan ya ba ka zaɓi daga kwana 1 zuwa 28. Masara da dawa ana shuka su ne a Afirilu da Mayu kawai. In wata kwana ɗaya ne, kwana biyu ke nan gare ka ka shuke komai. Duk wanda ya ga yadda manoman Saminaka ke rububin shuka bayan ruwan farko ya san wannan matsin. Mai gona ɗaya ko biyu, kwana 1 ya ishe shi. Da gonaki sun kai huɗu, ni kwana 3 nake sawa, don in samu sararin kai tarakta daga wannan gona zuwa waccan ba tare da gaggawa ba. Kwana 28 kam sai mai haƙurin gaske.

Su kuma 'yan ƙwadagon, abin da ke kashe musu aiki tsayuwa ce. Iri ya ƙare, sun tsaya. Cikin injin girbi ya cika, sun tsaya suna jiranka. A saitin wasa akwai inda za ka ba su damar sayen iri, taki da mai da kansu. Kunna shi in aljihunka zai ɗauka. Ranar girbi kuwa bar wa ɗan ƙwadago injin, kai ka riƙe tirela kana bin gefensa yana juye maka hatsi yana tafiya. Kafin ka danna H, ka daidaita tarakta da gefen gona sosai, kuma ka kewaye bakin gonar da kanka sau biyu in akwai bishiya ko shinge kusa, don ya samu wurin juyawa.

Da yake wutarmu a Kaduna ba ta sallama in za ta tafi, kunna ajiyar da wasan ke yi da kansa, kuma ka adana da hannunka kafin ka ƙara gudun agogo.