Yadda ake gwada ko barbara na rage wa ƙudan 'ya'yan itace kwana

Ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jajayen idanu da ke shawagi a kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster, ya daɗe a ɗakin bincike. A 1910 ne Thomas Hunt Morgan ya ci karo da namijinsa mai fararen idanu a Jami'ar Columbia ta Amurka, kuma aikin da ya biyo baya ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1933. Abin da ya sa ake son sa shi ne saurinsa. A zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius, kimanin kwana goma ke tsakanin ƙwai da fitowar cikakken ƙuda, cikin wata biyu zuwa uku kuma ya tsufa ya mutu a gabanka.

Fara da abinci. A dafa garin masara da sukari da yis da aga (wani gari mai sa abinci ya daskare), a zuba kaɗan a gindin ƙananan kwalabe, idan ya daskare a toshe bakin da auduga. Sa iyaye su yi ƙwai na kwana biyu, sannan ka kwashe su, don 'ya'yan su zama sa'o'in juna.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan gwajin, wato tara budare, matan da ba su taɓa saduwa da namiji ba. Mace ba ta yarda da namiji a awa takwas na farko bayan fitowarta daga ƙwanso, to a cikin wannan ɗan lokacin za ka raba su. Idan 'ya'yan sun fara fitowa, da safe ka juye duk ƙudajen da ke kwalbar, bayan awa shida ka dawo ka ɗebi sababbi. Sumar da su da iskar kabon dayoksaid ko sanyin ƙanƙara, ka juya su da burushi mai laushi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Namiji ya fi ƙanƙanta, ƙarshen cikinsa baƙi ne, yana da wani ɗan baƙin gashi kamar tsefe a ƙafafunsa na gaba. Sabuwar mace fara ce fat, jikinta da taushi, ana hango ɗigon baƙi ta cikin tumbinta. Kada ka yi sakaci a nan. Mace tana adana maniyyi na kwanaki, guda ɗaya da ta riga ta sadu da namiji ta isa ta ɓata maka lissafi. Idan ka ga tsutsa a kwalbar budare, wata ta riga ta sadu da namiji ke nan, zubar da kwalbar gaba ɗaya.

Sai ka kasa su: wasu mata su zauna ba namiji, wasu su sadu sau ɗaya, wasu su zauna da maza kullum. Adadi ɗaya a kowace kwalba, abinci ɗaya, zafi ɗaya.

Ka tsaya ka kalli zawarcin ko sau ɗaya, abin burgewa ne. Namiji ya bi ta, ya taɓa ta da ƙafa, ya miƙa fiffike ɗaya yana karkaɗawa, waƙarsa ke nan. In ta amince, barbarar takan ɗauki minti 15 zuwa 20.

Saura haƙuri. Duk kwana biyu ko uku ka mayar da su sabuwar kwalba, ka ƙirga matattu, ka rubuta kwanan wata. Wanda ya tsere ko ya maƙale a abinci a rubuta shi daban, ba tsufa ya kashe shi ba.

Da irin wannan ƙirge Linda Partridge da Marion Farquhar suka nuna a 1981 cewa yawan barbara na gajarta ran maza. A 1995 kuma Tracey Chapman da abokan aikinta suka gano cewa sinadaran da ke cikin ruwan maniyyin namiji ne ke rage wa mace kwana, alhali su ne ke sa ta ƙara yin ƙwai. Don haka ka riƙa ƙirga ƙwai tare da gawarwaki, kuma kada ka rufe littafin sai ƙuda na ƙarshe ya faɗi.