Omo ko sabulun ruwa: inda ake kuskure wajen wanke-wanke

A gidaje da yawa a Gombe, ledar omo guda ce ke yin wanki, ita ce kuma ke yin wanke-wanke. Babban kuskuren ke nan. Don tufafi aka haɗa omo: akwai soda mai ƙarfi a cikinsa, da turare, da sinadarin da ke sa farar shadda ɗaukar ido. Shinshina kula ko robar abincin ɗan makaranta da aka wanke da shi, za ki ji ƙamshin ya kama, gobe shinkafa ta kwashe. Sodar ce kuma ke dusashe tukunyar alminiyam, ta busar da hannu har ya tsage da hunturu. In babu yadda za a yi, a narkar da ɗan kaɗan a ruwa tukuna, kada a barbaɗa a kan soso, sannan a ɗauraye sau biyu.

Sabulun ruwa irin su Morning Fresh shi aka yi wa kwanuka, amma shi ma ana ɓata shi. Wata za ta cika kwalbar da ruwa wai don ya yi auki, wata ta tuttula shi sai kumfa ta taso kamar an tatsi saniya. Kumfa ba ta wanke komai, ruwan ɗauraya kawai take ci, kuma duk wadda ke sayen jarka wajen 'yan garuwa ranar da ruwan famfo na Dadin Kowa bai zo ba ta san zafin wannan. A fara kwashe maiƙon da takarda, a sa ruwan ɗumi in manja ne ko kitse, a ɗiga sabulun a soso. Kofuna su riga shiga, tukwane su zo ƙarshe. Ƙanzo jiƙo yake so, ƙarin sabulu ba ya ɓamɓare shi.

Sabulun ruwan da ake haɗawa a gida a ɗura a gorar ruwa yana da araha, ban hana ba, sai dai in ya fara cin hannu to soda ta yi masa yawa, a bar shi.

In ruwan burtsatsenku mai zartsi ne, za ki ga farin tabo a kofin gilashi. Ruwan tsami na kanti ko lemon tsami a ruwan ɗauraya ke fitar da shi. Kada dai a haɗa su da Hypo, don hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum.

Masu injin wanke kwanuka kuwa, a otal ko a gida, kada su kuskura su zuba masa omo ko sabulun wanke kwanuka da hannu: kumfa za ta malalo har ƙasa. Yana da nasa sabulun, na gari da na ruwa. Ni na fi son na garin, don yawanci yana ɗauke da sinadarin cire tabon shayi da na narkar da sitaci da maiƙo a tare, na ruwan kuwa galibi ɗaya yake da shi. Na ruwan ya fi saurin narkewa in gajeren wanki aka saita. Garin yana dunƙulewa da damina, don haka a juye shi a mazubi mai murfi, kuma a goge aljihun sabulun da ke jikin injin ya bushe kafin a zuba.