Yadda Ake Haɗa Albam ɗin Metal Mai Labari Ɗaya a Kan Macijin Kusugu

Kiɗan metal, wanda ma'anar sunansa ita ce ƙarfe, ya samo tushe ne a birnin Birmingham na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da albam ɗinta na farko a 1970 da gita mai kaurin amo da waƙoƙi masu firgitarwa. Daga baya wani reshe ya tsiro a jikinsa, wanda Turawa suke kira progressive metal, inda waƙa ɗaya takan kai minti 10 ko fiye, ƙidayar bugu ta riƙa sauyawa ana tsakiyar tafiya, kuma albam ɗin gaba ɗaya ya ɗauki labari guda kamar tatsuniyar da aka yanka gida-gida. Matashin Daura da ya mallaki gita da kwamfuta da abokai biyu ko uku zai iya yin irin wannan aiki da Hausa, muddin ya yarda cewa labari ne zai ja kiɗa, kuma harshen ne zai ba kiɗan ƙidayarsa.

A fara da labari, kafin a taɓa ko tsirkiya ɗaya. Mutumin Daura ba ya buƙatar aron fatalwar Turai, domin ga rijiyar Kusugu nan a cikin gari, da macijin nan mai suna Sarki wanda ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya biyo ta wajen maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, da tsohuwa Ayana da ta sauke shi, da Magajiya Daurama da ta aure shi bayan ya sare kan macijin. Sai dai kowane ɗan firamare ya san yadda labarin ya ƙare, saboda haka wanda ya rera shi daga bakin Bayajidda zai gundurar da mai sauraro tun a waƙa ta biyu. Abin da ya fi shi ne a sauya mai ba da labarin. A ba macijin baki, ya faɗi abin da yake ji a cikin duhun rijiya duk lokacin da guga ya sauko, ko kuwa a ƙirƙiro wata yarinya da ƙishin ƙanenta ya kai ta bakin rijiyar ranar da ba a ɗiba, ta ji wata murya daga ƙasa ta kira sunanta. Tun da labarin kansa ya rataya ne a kan ranakun mako, waƙoƙi bakwai sun isa, daga Asabar zuwa Juma'a, kowace rana ƙishin gari yana ƙaruwa, kiɗan ma yana ƙara nauyi. A rubuta abin da ya faru a kowace waƙa cikin jimla biyu a takarda, a manna a bangon ɗakin aiki.

Daga nan sai a yi wa kowane ɗan cikin labarin take. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu: makaɗan fada suna buga taken basarake, jama'a su san wanda yake tafe tun ba su hango rawaninsa ba. Macijin ya sami nasa a gita, ɗan gajeren zagaye na sauti huɗu ko biyar a can ƙasa, yarinyar ta sami nata a goge, rijiyar kuma ta sami amon garaya mai maimaita kansa. Idan taken macijin ya ɓullo a hankali ƙarƙashin muryar yarinyar a waƙar Talata, mai sauraro zai gane cewa ana kallonta ba tare da an faɗa masa ba. Akwai wata dabarar ɗinke waƙoƙi da ƙungiyar Opeth ta ƙasar Suwidin ta yi a albam ɗinta na 1998, wanda labarin wani mamaci ne da ya dawo fatalwa: kalmomin ƙarshe na kowace waƙa su ne sunan waƙar da ke biye. Dabara ce mai arha, kuma tana zama daram a Hausa.

Inda aikin ya fi daɗi, kuma inda aka fi yin kuskure, shi ne ƙidayar bugu. Yawancin kiɗan da ake ji a rediyo a kan huɗu yake tafiya, shi kuwa wannan reshe yana son biyar da bakwai, abin da ake rubutawa 5/8 da 7/8. Masu koyo sukan kwafo ƙidayar daga intanet, sannan su tura kalmomin Hausa cikinta da ƙarfi, su ja gajeren wasali su datse dogo, har magana ta zama kamar ta baƙon da yake koyon gaisuwa. Hanyar da ta dace ita ce wadda marubuta waƙa suka daɗe da sani, wato a ba gaɓa marar nauyi, mai ƙarewa da gajeren wasali, bugu ɗaya, mai nauyi kuma, mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi, bugu biyu. A faɗi kalmar “rijiya” ana tafi: biyu, ɗaya, biyu, biyar ke nan. Kalmar “maciji” ma biyar ce, amma a jere daban: ɗaya, biyu, biyu. Ashe rijiyar da mai gadinta ma'auni ɗaya suke hawa, nauyin ne kawai ya sauya wuri, kuma daga wannan ɗan bambanci ana iya gina waƙar minti 8. “Ruwan guga” kuwa bakwai ce cif. Mai ganga da ya haddace kalmar ba zai ƙara ɓata ba, ko da bai taɓa jin sunan 7/8 ba.

Sai kuma murya. Gurnanin maƙogwaro da aka san metal da shi yana share karin sauti, alhali a Hausa karin sauti ne yake raba kukan da ake yi da hawaye da kukar da ake cewa iskoki suna zama a gindinta. Saboda haka a bar gurnani ga macijin kaɗai, a gajerun jimloli, a kuma sa mai kalangu ya bi maganar yana matsa igiyoyin a hammatarsa, domin kalangu ya mayar wa kalmomin hawa da saukar da maƙogwaro ya cinye. Sauran labarin a rera shi da murya tas.

Wajen ɗaure gita, a sassauta tsirkiya mafi kauri daga sautin E zuwa sautin D da ke ƙasa da shi domin a sami nauyi, amma a fara jin inda mai goge ya ɗaure tasa, a bi shi, tun da shi da kunne yake ɗaurewa kuma izgar doki ba ta jure yawan ja. A hunturu fatar kalangu takan ƙara tauri, wuyan gita ma yakan motsa, don haka a sake dubawa kafin kowace ɗauka.

A ɗauki ganguna da farko a kan ma'aunin bugu na kwamfuta, a manhaja irin Reaper ko FL Studio, sai bes, wato gita mai zurfin amo, sai gita sau biyu, ɗaya a kunnen dama ɗaya a na hagu. Kayan gargajiya da murya su zo a ƙarshe, da tsakar dare, bayan ƙarar babura ta lafa. Na taɓa yin asarar aikin yini guda a wani situdiyo saboda gunjin janareta ya shiga makirufo ya kwanta ƙarƙashin goge, ba mu ji shi ba sai da muka sa a lasifikar mota. Tun daga ranar, da batir nake ɗaukar duk wani abu mai taushin amo.

Akwai iyakar da nake ganin ya kamata a kiyaye. Kiɗan da masu bori suke kiran iskoki da shi yana da masu shi da lokacinsa, kuma dattijon makaɗin da aka gayyato zai iya ajiye gogensa ya tafi idan aka nemi ya buga shi don nishaɗi. A roƙe shi ya ƙirƙiro sabon take. Haka nan kada a ɗora ayar Alƙur'ani ko addu'a a kan kiɗa domin ƙara tsoro.

Idan an zo fitarwa, a tuna cewa yawancin masu sauraro a waya za su karɓa daga hannun abokai, kuma waya ba ta san Asabar ta riga Lahadi ba. A sa lamba a gaban sunan kowace waƙa, daga 01 zuwa 07, sannan a fitar da wani fayil guda da ya haɗa duka bakwai ɗin ba yankewa, a ɗora shi a YouTube da Audiomack tare da rubutattun kalmomin, musamman na wuraren da macijin yake magana.