Yadda ake gano tsakiyar siffa mai tsawo, faɗi da zurfi a manhaja

Kada ka tara kusurwoyi ka raba da adadinsu. In sun cunkushe a gefe guda, amsar can za ta karkata.

1. Yanka fuskokin siffar zuwa alwatika-alwatika. Tilas siffar ta zama rufaffiya, kusurwoyin kowace alwatika kuma su bi juyi iri ɗaya.
2. A kowace alwatika, haɗa kusurwoyinta uku A, B, C (kowace da lambobin matsayinta x, y, z) da ɗigon (0,0,0), ka sami ƙaramin dala.
3. Girman cikinsa: V = A·(B×C)/6, inda × ke nufin "cross product", · kuma "dot product", wato hanyoyi biyu na ninka irin waɗannan lambobin matsayi. In ya fito ƙasa da sifili, bar shi haka, shi ke soke rarar da ke waje.
4. Tsakiyarsa: (A+B+C)/4.
5. Ninka kowace tsakiya da V nata, ka tara, ka raba da jimillar V.

Jimillar ta zo sifili? Dakata, kada ka raba.