Darasi na Bakwai: Cefanen Yau da Guzurin Tsufa

Ma'aikacin gwamnati ya san ranar da zai ajiye aiki. A Nijeriya, yawancinsu in sun kai shekara 60 da haihuwa, ko sun yi shekara 35 suna aiki, sai su yi ritaya. Tun 2004 doka ta sa ana cire musu wani abu daga albashi ana ajiyewa. Bayan gyaran dokar a 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki yana ƙara kashi 10.

Mu fa? Tela da mai faci da manomi da mai tuyar ƙosai babu wanda ke cire musu komai. Ritayar tela ita ce ranar da idonsa ya daina ganin kafar allura. Ta manomi kuma ranar da ƙugu ya ƙi sunkuyo. Wani zai ce, "Ai 'ya'ya za su riƙe ni." Allah ya sa. Amma su ma 'ya'yan suna da nasu bakunan da za su ciyar, kuma dattijon da ke da ɗan abin hannunsa ya fi sakewa a gidan ɗansa.

Wannan darasi bai zo da dabarar samun kuɗi ba. Zai nuna mana yadda za mu tsare wanda ya riga ya shigo.

Fara da rubutu

Ku da kuka zo ajin nan kun samu abin da da yawa ba su da shi: kun iya rubuta lamba. To, ga amfaninta. A samu ƙaramin littafi. Duk abin da ya fita daga aljihu a rubuta shi a ranar, komai ƙanƙantarsa: goro, katin waya, kuɗin mota, alewar yara, cajin waya, shayin dare. Kada a canza komai tukuna. A rubuta kawai, har wata guda.

Yawanci ba buhun shinkafa ne ke ba mutum mamaki ba, domin wannan kowa yana tuna ranar da ya saye shi. 'Yan ɗari biyu-biyun nan ne da ba a ƙirga su. Mu lissafa tare.

Naira 200 kullum, a kwana 30, ta zama naira 6,000.
Naira 200 kullum, a kwana 365, ta zama naira 73,000.

Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ashe wanda ya tsare naira 200 a kowace rana ya biya kansa albashin wata guda a shekara, har da ɗoriya.

Maigida da uwargida su zauna kan littafin tare. Ba zaman tuhuma ba ne. In ya ce, "Hajiya, ina kuɗin cefanen nan ke tafiya?" ita ma tana da ikon cewa, "Malam, mu duba shafin mai shayi." Gidan da ake ɓoye wa juna lissafi ba ya tara komai.

Hatsi: a saya da kaka

Nan ne babban kuɗin gida yake, don haka za mu daɗe a kai.

Kowa ya san gero da dawa da masara da wake sun fi araha da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo kasuwa. Daga bazara farashi yakan fara hawa, ya kai ƙarshe a tsakiyar damina, kafin sabo ya nuna. 'Yan kasuwar Dawanau a Kano da wannan bambanci suke cin riba: su saya da kaka, su kulle a sito, su fitar in ya yi tsada. Mai awon mudu ɗaya kullum shi ne ke biyan wannan riba. Manomin da ya sayar da komai da kaka don biki, ya dawo yana awo a watan Yuli, sau biyu ya yi asara.

Ba kowa ke da kuɗin buhu ba, gaskiya ne. Amma mutum huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba. Mai adashi kuma ya roƙi uwar adashi ta sa kwasarsa ta faɗo a kaka.

Sai batun ajiya, musamman wake, wanda ƙwari ba sa raga masa. Akwai buhun da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A shanya waken ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Jarka mai tsabta ko ganga mai murfi ita ma tana yi, in an cika ta an rufe gam. Sharaɗin ɗaya ne: kada a riƙa buɗewa kullum. A ɗebi na wata guda a mazubi daban. Kuma a ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, saboda laima da ɓera.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Shawarar da Annabi Yusufu, alaihis salam, ya bai wa mutanen Masar ke nan: a bar hatsin shekarun wadata a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Kakanninmu da ke zuba damman gero a rumbu haka suke yi.

Kayan miya ma suna da kakarsu. Lokacin da tumatirin noman rani ya cika kasuwa daga su Kadawa da Kura, a saya a yanka a shanya kauɗa. Haka tattasai da kuɓewa. In damina ta zo tumatir ya gagari talaka, mai kauɗa ba ruwanta.

Wuta da waya

A jiƙa wake kafin a ɗora. A rufe tukunya. A kāre murhu daga iska, a kashe ragowar icce da zarar an sauke. A waya kuma, sayen data ta wata yakan fi ta kullum sauƙi, muddin ba a bar wa yara su ƙarar da ita a kallo ba.

Biki

Ga inda ake jin kunya, ga kuma inda kuɗi ke zuba. Anko a wannan wata, gudummawa a wata mai zuwa, ga suna, ga kayan ɗaki. Ba mu ce a yanke zumunci ba. Zuwa biki da ɗan abin da ya sawwaƙa zumunci ne. Cin bashi don atamfar da za a ɗaura sau ɗaya kuwa, wannan tsoron bakin mutane ne, kuma masu bakin ba za su zo biyan bashin ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Mace tana iya cewa ƙawarta, "Yaya, zan zo in sha Allahu, amma wannan karon ban da anko." Sau ɗaya ake jin nauyin faɗa.

Akwai kuma wuraren da ba a rage musu. Maganin mara lafiya, kuɗin makarantar yara, gidan sauro, abincin mai ciki da na ƙananan yara. Wanda ya ƙi kai yaro asibiti don tattali zai biya ninkin abin da ya tsare. Wannan rowa ce, ba tattali ba.

Ina za a ajiye?

A cire na tsufa tun kuɗin suna shigowa, kafin a taɓa su. Wanda ya ce sai abin da ya rage, ba zai ga ragowa ba.

Amma kada a jibge takardun kuɗi a ƙarƙashin katifa shekara da shekaru. Darajarsu tana zaizayewa. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a Kano da Abuja, sauran kaya suka bi ta. Mun kuma ga wahalar da masu ajiyar gida suka sha lokacin canjin kuɗi a farkon shekarar.

Asusu da adashi na tarawa ne, na ɗan lokaci. In sun taru, a mayar da su abin da ke riƙe daraja. Akuya tana haihuwa bayan wata biyar da ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye, amma tana son abinci da allurar rigakafi, kuma ana sata. Mata sun daɗe da sanin amfanin ɗan kunnen zinariya. Fili yana da kyau in takardunsa sun inganta kuma an yi ciniki gaban shaidu. Kada a zuba komai wuri guda.

Banki yana tsare kuɗi daga ɓarawo da gobara. Mai gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi, domin bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, wasu irinsa kuma sun biyo baya. Haka nan a watan Maris na 2019 gwamnati ta ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, ƙarƙashin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Mutum yana zuba abin da ya iya, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Yadda aka tsara shi a lokacin, kashi 40 cikin ɗari ana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 kuma sai an kai shekara 50. Kafin ka sa hannu, ka sa a karanta maka sharuɗɗan, ko ka kawo takardar aji mu karanta tare.

Duk wanda ya ce ka kawo dubu goma ka karɓi ashirin a ƙarshen wata, ka riƙe kuɗinka. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin riba mai yawa irin haka, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. In kuma ajiyarka ta kai nisabi har shekara ta zagayo, akwai zakka a kanta, ɗaya cikin arba'in; malamin unguwa zai taya ka lissafi.

Aiki

1. Mai ƙosai tana jefa naira 300 a asusu kullum. Nawa za ta tara a kwana 30?
2. A ce mudun wake naira 1,500 ne da kaka, ya koma 2,500 da damina. Gidan da ke cin mudu 20, nawa ya tsare in ya saya da kaka?
3. Rubuta abu biyu da za ka iya ragewa a gidanka, da abu ɗaya da ba za ka taɓa ba.

Mako mai zuwa kowa ya zo da littafinsa, da lissafin kwana bakwai a ciki. Ba za a karanta na kowa a gaban aji ba; kowa shi zai haɗa jimillar nasa.